Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya

Sun ce ni na kwance wa Faransa zane a kasuwa.
Ni dai abin da na riƙe, ranar an yi sanyi,
ɗakin a hawa na biyar, tagar ba ta rufuwa,
mai riƙe fitila yana cin tuffa a bayan kyamara,
yana ɓoye ƙwallayen a aljihu.

Daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Na sauka daga gado, na taka zuwa taga,
ba riga, ba kunya, in ji jaridu.
Ba wanda ya rubuta cewa sau goma sha tara na yi tafiyar,
haƙorana suna kaɗawa,
ina lissafin kuɗin haya a zuci.

A garinmu na bakin teku
fada ya manna takarda a ƙofar coci.
Mazan da suka sa hannu
su ne suka hau jirgin ƙasa zuwa Quimper ranar Asabar,
hula a kan gira, kowa bai ga kowa ba.
Fañch mai burodi ya daina gaishe ni.
Yakan ajiye canjina a kan tebur
kamar tafin hannuna garwashi ne.

Uwata, Maryvonne, mai feɗe kifi a gwangwani,
ta sa baƙar rigarta ta Lahadi,
ta biya kuɗin tikiti, ta zauna a sahun gaba.
Na jira ta a waje, cikina yana ɗurar ruwa.
Da ta fito ta dube ni sama da ƙasa.
Ta ce, "Kin rame.
Ba sa ba ku abinci a Paris ɗin?"

Yanzu ɗalibai ke zuwa da na'urar ɗaukar murya,
suna cewa 'yanci, suna cewa juyin juya hali.
Nakan ba su shayi.
Bara sun wanke fim ɗin, sun nuna mini.
Duk zauren na kallon abin da ya zo kallo,
ni ina neman tabon gwiwata ta hagu,
inda keken yayana ya kayar da ni a kan duwatsu.
Yana nan. Ba su goge shi ba.

Tamanin da uku.
Kullum da safe ma'aikaciyar jinya takan tuɓe ni,
ta gwada ruwan da gwiwar hannu,
tana ba ni labarin motarta da ta ƙi tashi.
Ba layi a ƙofa, ba takarda a coci.
Sai dai tagar nan ma
ba ta rufuwa sosai.