Hannu Biyu a Recife

Makonni uku ina kwana da waƙoƙinsa goma sha bakwai,
a cikin bas, a ɗakin girki, gaban madubin nan mai tsaguwa,
ina sauke su daga kunne zuwa kafaɗa,
daga kafaɗa zuwa yatsu.
Wata kalma ta ƙi sauka.
Ya ce kewa sau tara a baiti guda,
ni kuwa kewa tara nake nema, kowacce da fuskarta.

Daren Asabar, bakin ruwa, gari ya cika ya batse.
An ba ni akwatin katako a hagun dandamali,
fitila ɗaya, baƙar riga, ba zobe, ba awarwaro,
kada wani abu ya yi magana in ba hannuna ba.
Gilvan mai fitilu ya ce, Ivanilde, kada ki gusa,
taku ɗaya baya duhu ya haɗiye ki.

Mutum talatin da ɗaya a gabana. Na ƙirga.
Wasu sun tuɓe takalma
sun taka allon da aka shimfiɗa musu,
suna shan kiɗa ta ƙasa, yadda bishiya ke shan ruwa.
Mahaifiyata na layin farko,
Zuleide tela, shekara sittin da huɗu,
rungume da jan balan-balan a ƙirji.
Ganga ta buga, balan-balan ya yi rawar ɗari,
ta ɗaga mini gira: to, fara.

Na fara.
Babbar ganga na ajiye ta a ƙugu,
jita a gwiwar hannu, ƙaho a kumatu.
In ya yi ƙasa da murya na ƙanƙance,
in ya tsage na buɗe har haƙarƙarina ya yi ƙara.
Gumi ya shiga idona, ba hannun gogewa,
duka biyun suna bakin aiki.
Wani yaro mai tabo a haɓa ya riga ni kai amshi,
ya yi mini dariya, wai na makara.

Can wajen waƙa ta sha huɗu
mawaƙin ya saki takardar da muka yi yarjejeniya a kai.
Ya ɗaga hannu, makaɗa suka tsaya cak.
Ya rufe ido, ya rufe baki,
sai wani gunji siriri ta hanci,
ba kalma ko ɗaya.
Mutum dubu goma suka yi tsit.
Balan-balan ɗin ma ya daina motsi.

Hannuwana suka tsaya a iska, wayam.
Ido sittin da biyu suna tambaya: me ya ce?
Bai ce komai ba. Ta yaya ake faɗin haka?

Sai na tuna daren zazzaɓi a gidanmu na sama da shago,
ina 'yar shekara biyar,
wata mata da ba ta taɓa jin muryarta ba
ta kifa ni a ƙirjinta tana wannan gunjin,
karkatacce, ba kai ba gindi,
tafinta na zagaya bayana a hankali.

Na ɗora tafi a kan iska
kamar akwai bayan yarinya a wurin,
na zagaya. Na sake zagayawa.

Ta gane kafin kowa.
Ta saki balan-balan, ya bi ta kan jama'a ya tafi,
ta dafa maƙogwaronta da yatsu biyu.
Daga nan saman akwati, cikin shirun dubu goma,
na ji ta. Har yanzu a karkace.

Da aka tashi suka ɗaga hannaye suna kaɗawa,
tafinsu ke nan, kamar ganye a iska.
A bas ɗin komawa na ce kafaɗata ciwo take.
Ta duba rigata, ta ce ɗinkin hammata ya ɓalle,
in kawo gobe da safe.