Hancin Tanki

Lahadi ce, Gujungu na ci,
ni kuwa ina gefen titi bayan Kwalam
da kankana ɗari huɗu a akori-kura,
rana na dafa su, kuɗina na narkewa.

Sau uku ke nan tun asuba.
Ta tashi garau, ta yi gudu kamar ba ita ba,
sai tari, sai fizga, ta ja ta saki,
in taka totur ta yi kunnen uwar shegu,
ta gangara gindin aduwa ta yi tsayuwa.

Na ɗaga bonet, na kankare kan batir
da wuƙar da nake yanka wa masu saye ɗanɗano.
Na kwance fulogi, na kanga shi jikin inji,
Ɗantala ya murza makulli:
tartsatsi shuɗi yana tsalle.
To, wuta ba ta da laifi.
Na duba tanki, mai ya fi rabi,
na hura matacin mai har kaina na juyawa.

Duk wanda ya tsaya likita ne.
Mai babur ya ce kafireto.
Wani ya ce ɗan bumburutu ya gauraya mini kananzir.
Mai amalanke bai ce uffan ba,
ya dai kaɗa shanunsa, shi ga shi yana wucewa.

Sai na kira Baba Nomau,
wanda ya rufe garejinsa a Ringim
tun da yana ta rufe masa idanu.
Na soma jero masa zato, ya katse ni:
"Ajiye tunaninka. Faɗa mini abin da ta yi.
In ta huta tana tashi?"
Na ce tana tashi.
"Ɗora wayar a kan inji, in ji mutuwar."
Muka tayar, ta yi rugugi, ta yi rugugi,
can sai ga shaƙewa.

Ya yi shiru har na zaci katina ya ƙare.
"Ina ta yi damina?"
Na ce a rumfar bayan gida,
tun shuka har aka yanke gero ba ta motsa ba.
Na ji dariyarsa can ƙasan maƙoshi.
"Je ka murfin tanki. Kunne kusa. Buɗe a hankali."

Tsssss.
Dogon numfashi,
irin na yaron da ya daɗe a nutse a kogi
ya taso yana haƙilon rayuwa.

"Ba yunwa take ji ba, Hudu.
Mai na fita, iska ba ta shiga,
tanki ya riƙe abinsa kamar gora mai toshe baki.
Bi siririn tiyon da ke gefen wuyansa,
ka ga wa ya yi gini babu tambayawa."

Na kwanta a ƙasa, ƙarangiya na cin bayana.
A bakin tiyon, laka ce busasshiya,
an shafe ta sumul kamar aikin magini.
Zanzaro.
Na soka tsinken tsintsiya, ƙasa ta zubo mini a ido,
da wata 'yar tsutsa koriya
da uwar ta ajiye wa 'ya'yanta guzuri.
Abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba
shi ya durƙusar da tan biyu na ƙarfe.
Ɗantala na dariya, ni ina murzawa.

Mun isa bayan la'asar, dillalan Kano sun loda,
na karyar da farashi, na sha asara.
Amma na ɓoye babba ɗaya ƙarƙashin kujera,
da magariba na sauke ta a zauren Baba.
Ya shafa ta, ya kanga kunne,
ya ƙwanƙwasa sau biyu da bayan yatsa.
Ya ce, "Na gode.
Amma wannan saura kwana biyar ta nuna."