Bokitin Sitaci

Ƙarfe ɗaya na dare muke fita,
ni da Tasi'u da tsanin aro,
bokitin sitaci rataye a wuyan babur,
fuskar tsohon gwamna ɗari biyar a hammatata.
Ban taɓa rungumar babban mutum haka ba.

Daga Ɗangi muke somawa.
Tasi'u ya shafa, ni in manna,
in bi goshin da tafin hannu,
in lallashi kumatun har su kwanta.
A hoton ya fi ƙuruciya
bisa ranar da ya sauka daga kujera.
Mai injin Fagge ya share masa furfura,
ya ƙara wa haƙoran haske,
ya rubuta a ƙasa: Ƙasa Na Kira.
Na kasa kunne.
Karnukan Gyaɗi-Gyaɗi kaɗai na ji.

Ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa
bango ya yi kaurin littafi.
Sa farce ka ɓamɓare ka gani:
sanata a kan ɗan majalisa,
ɗan majalisa a kan mai maganin basir,
can ƙasa kuma shi ɗin dai,
shekara goma sha biyu baya,
da murmushin nan, yana neman gwamna.
Wannan ma ni na liƙa,
ina aji uku, kuma kyauta,
don a lokacin na yarda.

Babana, Malam Ilu, ya sha alli
shekara talatin da biyar a firamare.
A zamanin wannan fuska
fayil ɗin garatutinsa ya hau bene.
Kullum a ce masa ya kusa saukowa.
Fayil bai sauko ba,
Malam ne ya sauka,
muka raka shi Ɗandolo ranar wata Laraba.
Ba na gaya wa hoton.
Ina dai danna babban yatsa a idonsa
fiye da yadda sitaci ke buƙata.

Tasi'u ya ce, wai don wa muke wannan wahala?
Zaɓen fidda gwani ne,
ni ba ƙuri'a, kai ba ƙuri'a,
akwatin ma yana Abuja.
Na ce, don baƙin da za su sauka filin jirgi,
su leƙo ta baƙin gilas
su ce garin nasa ne har yanzu.

Mai ƙuri'a ɗaya ne a layinmu,
Tanimu mai gyaran fanka.
Da wuta da babu, shi yanzu a sanyi yake.
Wayarsa ta zama uku.
Jiya mota mai jiniya ta shigo lungu,
ta kasa juyawa, ta fita da baya,
ta bar masa buhu biyu da gaisuwar mai girma.
An ce can otel ɗin da za a kai su
ba da naira ake sallama ba.
Ya daina amsa sunan Tanimu,
sai ka ce Daliget.

Kiran assalatu ya same mu a Ƙofar Mata,
saura fuska bakwai, sitaci ya ƙare.
Ɗan kwangila ya ƙirga mana dubu huɗu,
ya cire ɗari biyar na tsani,
sannan ya buɗe but ɗin motarsa:
wani ɗan takarar, sabo fil, yana warin tawada.
Gobe, in ji shi, ku bi inda kuka bi yau.

Da hantsi na dawo ta wurin.
Wata akuya ta ɗora ƙafafu a bango,
tana yagar aikinmu a natse,
sitacin take so.
Ta cinye kiran da ƙasa ke yi,
ta cinye sunan jam'iyya,
ta kai har wuyan babbar riga.
Murmushin ne ya fi ƙarfin tsawonta.
Yana nan sama, shi kaɗai,
yana kallon masu jiran adaidaita.