Kilo Tara

Bayan isha, in gida ya yi tsit,
sai in kwanta da waya a ƙirji
ina kallon hannaye biyu marasa fuska
suna kwance wata tsohuwar kwamfuta
kamar mai tsefe kitso, ba gaggawa.
Ba magana. Sai ƙarar noti a faranti,
sai burushi, sai hucin iska.
Hindatu ta juyo: "Kai dai datarka
a wankin kayan wasu take ƙarewa."
Ban musa ba.
Amma yini guda a ofis ba na ganin ƙarshen komai,
fayil kan fayil, a dawo gobe.
Nan kuwa cikin minti ashirin
abu ya mutu, an gano ciwon, ya tashi.

Ran Asabar a Ƙofar Guga
na tarar da ita wajen 'yan gwangwan,
tsakanin murfin tukunya da gindin fanka.
Yaron ya ɗora ta a sikeli: kilo tara.
Kuɗin ƙarfe na biya, ban da na abin da ta sani.

Da na buɗe cikinta
zanzaro ya riga ni, ya yi gini hawa uku.
Ƙwan tsaka biyu, ɗaya ya fashe.
Wasu 'yan ƙulle-ƙulle a allon
sun kumbura kamar kaska ta ƙoshi,
batirin nan mai kama da kwabo ya yi kore.
A bidiyo ba a nuna zufa,
ba a nuna notin da ya gangara ƙarƙashin gado,
ko mako uku na jiran saƙo daga Kano,
ko Mannir mai rediyo yana narka min dalma
yana dariya: "Malam, gawa kake wa kwalliya."

Daren da ta yi tari,
fankarta ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa,
tiit, sau ɗaya,
sai haske.
Ta ce yau ɗaya ga Janairu
ta wata shekarar da ban yi aure ba.
Na ƙyale ta a haka tukuna.

Ashe ta shagon Iro ce, na bakin sakatariya.
Katin ɗaurin aure ya fi ɗari,
'ya'yan auren yanzu suna jami'a.
Cinikin fili, cigiyar akuya,
can ƙasa kuma takardar neman aiki:
sunana, ba harafi ɗaya,
yadda Iro ya buga na yi shiru
don naira ashirin ɗin ke nan a aljihuna.
"Ina da ƙwazo," in ji yaron,
"kuma ina koyon abu da wuri."

Na ƙwala wa Hindatu kira ta zo ta gan shi.
Kafin ta lalubo takalmi aka ɗauke wuta.
Muka tsaya a duhu,
fankar na rage gudu a hankali,
ɗakin na ƙanshin dalma.