Suna Biyu na Mahaifina

A tashar jiragen ruwa ta Lisbon
mahaifina Belchior Pinhel ne,
mai masoro da kirfa, wanda ba ya tauye mudu.
A cikin gida, bayan an sa sakata,
kakata Guiomar kan kira shi Ishaƙu,
a hankali, kamar mai hura garwashi
tana tsoron kada toka ta tashi.

Kakan kakansa aka ja ta gemu
har bakin kwamin ruwan coci.
Ruwan ya bushe a goshinsa kafin faɗuwar rana,
sunan da aka liƙa masa kuwa
shekara ɗari bai ɓamɓaru ba.
Sababbin Kirista ake ce mana.
Jikan jika ma sabo ne;
tsufa ya gagare mu a garin nan.

Ran Juma'a da yamma uwata kan kunna fitila
ta zura ta cikin tulu,
haske ya kwana a tsare.
Ran Asabar a jefa ɗanyen itace a murhu,
ba don girki ba,
don maƙwabcinmu mai ƙirga hayaƙi.

Ƙaninsa Fernão yana Goa yana tsintar lu'ulu'u,
surukinsa na Antwerp, ɗan goggonsa na Pernambuco.
Wasiƙa kan yi wata shida tana shan gishirin teku.
In ta ce shuni ya yi tsada bana,
to an kama wani namu.
In ta ce a biya mai ɗauke da wannan,
sai a biya, ba shaida, ba rantsuwa.
Wanda ba shi da ƙasa, amana ce gonarsa.

Akwai shafin da ba zan tsallake ba.
Akwatin sukari arba'in,
a ƙarƙashinsa mutum goma sha ɗaya,
babu suna, sai farashi.
Su ma an yayyafa musu ruwa a bakin jirgi,
an raɗa musu sunan da uwayensu ba su sani ba.
Mahaifina, da ya san ɗacin wannan ruwa,
ya rubuta layin da hannu mai kyau,
ko tawada bai ɗiga ba.

Shekarar da shuni ya yi tsada a Goa,
laifin Fernão farar riga ce wankakkiya
da ya sa ranar Juma'a.
Mai wankinsa ya kai ƙara.
Aka musanya masa ita da rawaya, aka zaga gari da shi.
Mu kuwa muka bi jirgin gishiri da dare,
kakata ta ɗinke lu'ulu'u bakwai a gefen zanenta,
mabuɗin gidan a wuyanta, ban san don me ba.

A Amsterdam ba mai ƙirga hayaƙi.
Dattijo mai shekara sittin ya zauna cikin yara
yana bin baƙaƙe daga dama zuwa hagu,
malami na cewa: ba haka ake faɗa ba.
Addu'ar da muka ɓoye shekara ɗari
ashe rabinta ta zube a hanya,
rabin kuma ta coci ce.
Ya dawo gida bai ci abinci ba.

Da ya rasu, mai sassaƙa dutse ya tambaye ni:
wanne za a sa? Kuɗin aiki da yawan harafi ne.
Na ce sa duka biyu.
Masu binsa bashi ɗaya suka sani,
uwarsa ɗaya,
ni kuwa ban san da wanne yake amsawa ba
in yana shi kaɗai.

Yau Juma'a. Fitilata na bakin taga,
duk mai wucewa ta gefen ruwa yana ganinta.
Amma hannuna, in na kunna,
har yanzu sai ya laluba tulu.