Ambulan na Biyar

Nebraska, Nuwamba, 1950

Mun jera kujerun yara a jikin bango,
muka ɗora akwatin a kan teburina
daidai inda tawada ta zube jiya.
Ƙanƙara na lasar taga.
Masara na tsaye a gona, ba a gama karyarta ba.

Tun asuba suke shigowa,
takalma duk laka, hula a hannu.
Mutum biyu ke neman kujerar gwamna,
babu wanda ya taɓa taka ƙauyen nan;
a jikin turakun waya muka san su,
ruwa ya cinye wa ɗaya rabin fuska.
Orval Stenner ya zaɓi mai alkawarin kwalta.
Matarsa, na gani a idonta, ta soke masa,
suka fita tare, har ya riƙe mata ƙofa.

Da dare muka rufe.
Ina kira, Ludmila Hrabak na jan layi,
huɗu a tsaye, na biyar ya gitta su
kamar shingen da saniya ta jingina.
Shayi ya huce. Fitila na neman mai.

Sai ambulan na waɗanda ke nesa da gida.
Bakwai ne. Na biyar ya sha hanya,
hatimin soja, gefensa ya jiƙe ya bushe.
Na gane hannun kafin in karanta sunan,
ni na koya masa, da alli, a ɗakin nan,
bai taɓa yarda ya rufe bakin "o" ba.
Milo. Autan Ludmila.
Ya sa hannu a Koriya, goma ga Oktoba.
Tangaraho ya riga ambulan isowa da kwana tara.

Alƙalin zaɓe ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
"Doka ba ta ƙirga wanda ya riga mu."
Ludmila ta ce, "Da ransa ya zaɓa."
Ba wanda ya amsa. Murhu ya yi tari.
Aka ajiye shi gefe, ba a buɗe ba,
har yau ba ta san wa ɗanta ya so ba.

Ta gama lissafinta tsaf, ko ɗaya bai kuskure ba.
Kafin ta sa mayafi ta je ga allo,
can ƙasa, a kusurwa, ta ja layi guda.

Da safe rediyo ya faɗi wanda ya ci,
da ratar dubbai.
Yara suka shigo suna karkaɗe sanyi.
Mai goge allo ta ranar ta tambaye ni,
na ce ta goge komai,
ta bar wancan.