Bakin Kada

A Kakuri, bayan masaƙar da ta daɗe da yin shiru,
nan muke tankaɗe lafiyar mutane.
Ƙarfe goma na dare nake shiga,
in cire ɗankunne, in kulle waya a akwati,
in sa farar riga ta auduga
da takalmin da ke gaisawa da ƙasa.

Aikina rariya.
Sitaci, sukarin madara, garin maganin zazzaɓi,
fari fat, ba wari, ba hayaniya.
Wa zai ji tsoron abin da ake ba jariri a cokali?

Ranar da na fara, Baba Tanimu ya ɗebi gari a tafinsa.
Ya ce, Ladidi, wannan a buhu rago ne,
ki kai masa ashana, baƙi zai yi ya kwanta.
Amma bar shi ya tashi sama,
kowace ƙwaya ta sami iskar da za ta sha,
to kin shiga ɗakin albarushi.
Kuma ba ya jiran ashana.
Kin tuna biron da kuke gogawa a kai, a firamare,
ya ɗauki guntun takarda kuna dariya?
Wasan nan shi ke kisa a nan.

Sai ya miƙo min koriyar waya
mai ƙarfe a baki, haƙora reras.
Ya ce, garin kada muke, ga namu kadan.
Kafin ki zuba komai, ki sa ya ciji ganga.
Wutar da gari ya tara yana gogar leda,
shi zai haɗiye ta, ya kai ta ƙasa ta kwanta.

Shekara shida kada yana cizo.

Daren Laraba, mota na jiran kaya a ƙofa,
direban Zariya yana ta danna oda.
Shekwolo, wata biyu da ɗaukarsa,
yaro mai waƙar coci a ƙarƙashin numfashi,
ya ja ganga kusa don ya rage tafiya.
Kada ya saki. Ba wanda ya ji faɗuwarsa.
Ya ɗaga leda, gari ya zubo kamar ruwa,
farin gajimare ya tsaya a bakin ganga.

Ƙas.
Kamar an karya tsinken tsintsiya.

Ban ga wuta ba, ni dai na ga ɗakin ya yi numfashi.
Na farkon bai kai komai ba, in ji masu bincike,
girgiza rufi kawai ya yi.
Amma garin da ya kwana bisa bututu,
bisa fitila, bayan kabad,
wanda muke cewa gobe ma share,
shi ya sauko gaba ɗaya ya amsa kira.

Gilashin taga har bakin titi.
Kunnena na hagu tun ranar ƙudan zuma ke ciki.
Shekwolo ya yi sati tara a asibiti,
ya fito da hannuwa kamar an yi musu sabuwar riga
wadda tela ya tsuke.
Da na je gaishe shi a Sabon Tasha
bai ce komai kan ganga ba,
tambayata ya yi ko an biya kuɗin ƙarin lokaci.

Yanzu an sa ƙararrawa, an sa injin zuƙe gari,
an rataya takarda mai jan rubutu.
Ni kuwa tsani nake hawa duk Asabar,
in shafa yatsa bisa bututu.
In ya fito da fari, ba mai kunna inji.

Jiya 'yata tana tankaɗen masara kusa da risho,
na daka mata tsawar da ta sa ta kuka.
Na rasa yadda zan yi mata bayani.
Na ɗauke rariyar, na kai tsakar gida.

Da dare na koma.
Na kama kada, na sa ya ciji ƙarfe,
na ja shi sau ɗaya.
Na sake ja.